Shagon haɗa dosiye na unguwar Zariya, abin da na gani

Jama'a ga wanda ke neman aiki a nan Maradi kuma aka ce ya kawo kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke ma mutum hukunci, bari in ba ku labarin wani ɗan shago da ke unguwar Zariya, irin masu fotokopi da buga takardu ɗin nan. Wata ONG ce ta buɗe neman direbobi, suka ce sai an kawo takardar haihuwa, nasiyonalite, permi, bizit da kontar-bizit na likita, da kuma kaziye wanda bai wuce wata 3 ba. To ni a Damagaram aka haife ni, kuma kaziye kotun inda aka haife ka ce ke ba da shi, ko ka shekara 30 a Maradi ba ruwansu. Ga tafiya sama da kilomita 200, ga ni da aikin kabu-kabu, ranar da ban fita ba gida ba cefane.

Mai shagon wani dattijo ne, kowa Baba yake ce mishi. Yana da yaro can Damagaram, ya aika da kopin takardar haihuwata ta motar kampani, kwana 5 kaziyena ya zo da hatimi da sa hannu. Amma ni abin da ya burge ni tun kafin ya aika sai da ya jera takarduna kan tebur yana bi harafi harafi, ya ce ɗana zo ka gani, nan an rubuta Mahamadou, a permi kuma Mahaman. Wallahi shekara nawa ina yawo da su ban taɓa lura ba. Ya ce masu bincike in suka ga suna biyu ba su tsayawa tambaya, gefe suke turawa. Shi ya yi min bayanin cewa kaziye kala-kala ne, wanda ake ba mutum a hannu lamba 3 ne, lamba 1 na alƙalai ne, in ba a taɓa yanke ma hukunci ba sai ka ga an rubuta neyan, wato babu komai. Ina zaune wani saurayi ya zo yana raɗa wai ko za a iya goge mishi wani abu a kaziyenshi, Baba ya ce a'a yaro, nan ba a wannan.

Inda ban ji daɗi ba, ba su da grup, wato injin wuta, kuran na ɗaukewa aiki ya tsaya cak, ranar na yi kusan awa 2 kan benci ina shan zafi. Kuma jikka 3 na ladan aike ya ɗan yi min yawa gaskiya, ko da yake bai kai kuɗin mota zuwa da dawowa ba. Resi ma sai da na roƙa.

Ƙanena ya so mu ciro nashi lokaci guda ya ajiye, Baba ya hana, ya ce bari sai an buɗe konkur ɗin da yake jira, wato jarrabawar ɗaukar aiki, tukuna kar wata 3 su cinye shi a aljihu. Zan koma da shi bayan salla in sha Allah, amma da sassafe.