x16 1.1 da x4 3.0: wanne ne ke da matsala a ciki?

Ɗan uwa, na ga hoton GPU-Z, manhajar nan mai nuna bayanan katin girafik, da ka turo jiya da daddare, katin girafik ɗinka GTX 1660 Super yana nuna "@ x16 1.1", na abokinka da kuke shago ɗaya a Ƙofar Ƙaura kuma yana nuna "@ x4 3.0", kana tambaya ko an cuce ka ne tunda 1.1 ta gaza 3.0. Don Allah kar ka maida katin tukuna, da alama naka lafiya lau yake, na abokin naka ne ke da aiki.

Lambobin nan biyu ba abu ɗaya suke faɗi ba. Wadda ke bayan x yawan layuka ce tsakanin kati da furosesa, kamar faɗin titi, ita kuwa 1.1 ko 3.0 gudun da ake yi ne bisa titin. Sunan titin nan PCIe, kuma a PCIe 3.0 layi guda yana ɗaukar kusan 1GB a sakan, kenan x16 wajen 16GB, x4 kuma wajen 4GB kacal.

Naka: in kati ba shi aikin komi da kanshi yake sauke gudu zuwa 1.1 don rage cin wuta da zafi, haka aka yi shi. A cikin GPU-Z akwai alamar tambaya gefen Bus Interface, wurin da lambobin nan suke, danna ta ka kunna gwajin, ko ka buɗe gem ka sake dubawa, za ka ga ya haye 3.0. In ya ƙi hawa sai ka leƙa BIOS, saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ko wani ya kulle silot ɗin, wato ramin katin, a Gen1 (gudun 1.1 kenan), ka maida shi Auto. Naka dai ya ƙare nan.

Na abokinka kuwa ko wane gem ya kunna yana nan a x4, don tun lokacin da kwamfuta ke tashi kati da madabod (babban allon da ake soka komi a kai) suke shirya layi nawa za su yi aiki da shi, in wasu ba su taɓa da kyau ba sai a koma 8 ko 4, wani lokaci har 1. Farko ya duba ramin da ya soka katin, madabod da yawa suna da dogon rami biyu amma na ƙasan x4 ne kawai aka haɗa mashi waya, su Dell OptiPlex ɗin nan da suka cika kasuwa ma haka suke, shuɗin rami shi ne x16, baƙin x4. In a na sama yake to ni ƙura nake zargi, wallahi mu nan Katsina in hunturu ya kama ko wata biyu ba a yi cikin kes ya koma kamar an zuba gari, kuma mutane na raina ta. Ya kashe, ya zare wayar wuta, ya cire katin ya hure ramin da bulowa, ya goge haƙoran zinaren nan da sifirit a tsumma mai laushi, ya bari ya bushe, ya maida shi ya danna har makullin baya ya yi ƙas, sannan ya ɗaure sukurun, don kati mai nauyi in ya sunkuya haƙoran ƙarshe ke fara sakewa.

Amma kafin ya kwance komi ya karanta rubutun da ke kafin alamar @, shi ne iyakar ƙarfin katin. RX 6500 XT da RX 6400 dama x4 aka ƙera su, RX 6600 da RTX 4060 kuma x8, ba gyaran da zai ƙara masu layi. Furosesa ma na iya zama sanadi, Ryzen 3 2200G layi 8 kawai yake ba kati, a wasu madabod kuma in ka sa M.2 (ɗan siririn ma'ajin fayiloli, wato SSD) a wani rami sai ta ɗebi rabin layukan.

Da a x8 ya tsaya da na ce ya ƙyale, da wuya ya ji bambanci a irin katunan da muke saye. x4 kam ana jin ta, musamman kati mai 4GB in memorin shi ta cika yana ta jido kaya daga RAM, nan gem ke fara sarƙewa. In ya yi duk wannan bai canza ba ku musanya katunan tunda kuna wuri ɗaya, in naka ma ya faɗo x4 a injin shi to madabod ce ko fil ya lanƙwashe a mazaunin furosesa, sai ya turo mana hoton wurin mu gani.