Hattara da masu tallar hutun iyali a Zanzibar

Jama'a, duk wanda yake shirin kai iyalinsa hutu Zanzibar, ko ya san wani da ke tara kuɗi don haka, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wasu da suke buɗe shafuka a Instagram da Facebook da sunan kamfanin shirya tafiye-tafiye, suna tallar zagaya tsibirin na mako guda: jirgi, otal, mota da direba, biza, duk a dunƙule, a farashin da da kyar zai biya kuɗin jirgi kaɗai. Yayata da maigidanta sun faɗa hannunsu. Kuɗin da suka daɗe suna tarawa ya tafi, ko ƙofar jirgi ba su gani ba. Ban kawo sunan shafin ba domin sun riga sun canza shi, gobe ma za su sake. Salon nasu ne ba ya canzawa, shi nake so ku gane.

Abin da ke sa a yarda da su shi ne duk wuraren da suke lissafawa na gaskiya ne. Kwana biyu a Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu, wanda ake kira Prison Island, yara su ga manyan kunkuru. Dajin Jozani mai jajayen birai. Daga nan a haura Nungwi a arewa, a gangaro Paje a gabas. Duk wanda ka bincika a intanet za ka same shi da hotunansa. Bidiyon ɗakunan ma na otal-otal ɗin gaske ne, kwasowa kawai suka yi suka manna tambarinsu a kai.

Mutumin da ya riƙa magana da Yaya a WhatsApp ya san takan aikinsa. Bai taɓa yi mata gaggawa a farko ba. “Hajiya, ranki ya daɗe, tunda da yara za ki tafi, na zaɓa muku otal mai natsuwa, kusa da masallaci. Ki kwantar da hankalinki.” Ya tambayi shekarun kowane yaro, har ya riƙa gaishe da autar da sunanta. Da maigidan ya ce arahar ta yi yawa, sai ya ce ai damina ce. Nan ma da ƙamshin gaskiya, domin daga Maris zuwa Mayu ruwa ake zubawa sosai a can, baƙi kan ragu, otal-otal kuma su sauke farashi. To amma damina ba ta mayar da kujerar jirgi kyauta. Sai da ya ga sun saki jiki sannan ya ce gurbin iyali biyu kacal ya rage, a tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Asusun da ya bayar kuwa na mutum ɗaya ne, wai na kamfanin yana da 'yar matsala a banki.

Inda tarkon yake ke nan, kuma nan nake so a natsu. Bayan sun biya, ya turo musu takardar jirgi: sunayensu daidai yadda suke a fasfo, ranar tashi, lambar jirgi, da wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida. Maigidan bai yi sakaci ba, ya shiga shafin kamfanin jirgin ya sa lambar, sunayensu suka fito reras. Wa zai ƙara shakka? Nan take suka cika sauran kuɗin.

Ashe kama kujera daban, sayen tikiti daban. Dillali yana iya kama wa mutum kujera ba tare da an biya ba, kamfanin jirgi ya riƙe ta na ɗan lokaci, a fitar da lambar nan mai guda shida. Idan wa'adin ya cika ba a biya ba, kwamfuta da kanta take sokewa. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar dabam, mai alƙaluma 13, kuma ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar da shi: na Ethiopian Airlines da 071 yake farawa, na Kenya Airways da 706. Kowane matafiyi da tasa, har yara. Takardar su Yaya ba ta da wannan lamba ko guda, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu su neme ta. Haka otal: ana iya kama ɗaki a shafukan da ke barin mutum ya soke kyauta, a ɗauki hoton shaidar a tura maka, sannan a soke bayan kuɗinka ya shiga. Hoton shaida ba ya nuna an biya.

Bai tsaya nan ba. Ya dawo ya ce a kawo kuɗin inshora, ya ninka shi. Inshorar kam gaskiya ce: tun 1 ga Oktoba, 2024 wajibi ne baƙon da zai shiga Zanzibar ya saye ta, dala 44 ga babba, kuma daga hukumar inshorar Zanzibar ta gwamnati ake saye kai tsaye, kowa zai iya yi da wayarsa. Biza kuma ya ce kada su damu, a filin jirgin Abeid Amani Karume za a buga musu. Wannan ƙarya ce mai haɗari. Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya, kuma akwai ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a bakin shiga, ciki har da Najeriya. Sai an nema tun da wuri a shafin hukumar shige da ficenta, wanda adireshinsa ke ƙarewa da go.tz, a jira amincewa. Katin rigakafin cutar shawara (yellow fever), wanda ake tambayar masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, ko sau ɗaya bai ambace shi ba. Dillalin ƙwarai da waɗannan yake fara yi maka magana tun kafin ya ambaci kuɗi.

Asiri ya tonu ne ana gab da tafiya, da maigidan ya koma shafin jirgin don ya zaɓa wa yaran kujeru kusa da mahaifiyarsu. Ya sa lambar, aka ce babu ita. Ya kira, mutumin ya ce, “Alhaji, matsalar na'ura ce, ba ni zuwa yamma.” Da yamma waya a kashe, shafi ya ɓace, ya yi layar zana. Da na je gidan na tarar da akwatuna a jere a falo, an ɗaura wa kowanne ƙyalle ja don kada ya ɓace a filin jirgi, autar kuma tana ta tambaya ko kunkurun yana cizo. Yaya ta ja ni gefe ta ce, “Ƙanina, kuɗin ba su dame ni kamar yaran nan ba. Me zan ce musu?” Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Sun san iyaye ba sa son ba 'ya'yansu kunya, da wannan suke farauta.

Saboda haka kafin ka cika kuɗi, ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13 ta kowane mutum, ka kira kamfanin jirgin da kanka ka tambaya ko an fitar da tikitin, ba an kama kujera kawai ba. Otal ɗin ma ka nemo lambarsu daga shafinsu na asali, kada ka kira wadda dillalin ya ba ka, ka tambaye su an biya ko ba a biya ba. Masu zagayawa da baƙi a tsibirin lasisi suke karɓa daga hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, don haka ka tambayi sunan kamfanin da zai tarbe ku a can ka bincika shi. Wanda ya ce ka tura kuɗin kamfani a asusun mutum, ko ya hana ka ganin ofishinsa, ka bar shi ko da rabin farashi ya yi maka.

In kuwa ka riga ka tura, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka sanar da bankinka a ranar, domin kuɗin ba ya kwana a asusun farko, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada ka goge komai: saƙonnin murya, lambar asusu, shaidar biya, hotunan shafin. Ku kuma kula da hotunan fasfon da kuka tura musu, har da na yara, domin suna hannunsu har yanzu.

Akwai kuma zagaye na biyu. Ba a jima ba wani ya kira maigidan Yaya, ya ce shi jami'i ne, an kama mutanen, za a dawo musu da kuɗinsu idan suka biya kuɗin buɗe fayil. Ya san adadin da suka biya, ya san ranar da ya kamata su tashi. Babu inda zai samo wannan bayani in ba daga hannun waɗanda suka cuce su ba. Maigidan ya ce masa su haɗu a ofishin 'yan sanda, sai mai kiran ya kashe wayar.