Rediyon Bush DAC90A: Kyakkyawan Jiki, Amma Sai da Hattara

Na sayi wannan rediyo a wani shagon tsofaffin kaya a Landan, bayan na ajiye wani abin ɗumama gado na lantarki da mai shagon ya fara nuna mini, wanda wayarsa ta tsufa har ba zan yarda in kwana da shi cikin bargo ba. Kamfanin Bush ne ya fito da rediyon a shekarar 1950, kuma an ƙera jikinsa da Bakelite, wato robar nan mai tauri da Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam, ya ƙirƙiro a Amurka a 1907.

Jikin nan shi ne abin da ya fi cancantar yabo. Bakelite ba ya narkewa idan ya ji zafi, lantarki kuma ba ya ratsa shi, shi ya sa masu ƙera rediyo, wayar tarho da na'urar busar da gashi suka karɓe shi hannu bibbiyu. Nawa ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma da na goge shi sai ya yi sheƙi irin na katakon da ya sha mai, duk da cewa ya haura shekara sittin. Aibinsa guda shi ne gautsi, domin idan ya faɗi ƙasa tsagewa yake yi kamar tangaran, gyaran kuma ba ya ɓoyuwa.

Idan an kunna shi sai an ɗan jira fitilunsa biyar na ciki, wato kwalaben lantarkin da ake kira valve, su ɗauki zafi kafin murya ta fito, mai kauri da taushi. Matsakaicin zango da dogon zango kawai yake kamawa, saboda haka wanda ya saba neman Sashen Hausa na BBC a gajeren zango ba zai same shi a nan ba.

Inda nake jan kunnen mai saye shi ne wajen lantarki. Rediyon ba shi da taransifoma da ke raba ƙarfen cikinsa da wutar gida, don haka ƙarfen yana iya ɗaukar wuta. Kada a buɗe bayansa yana jone, kuma kada a kunna wanda ya daɗe a ajiye sai mai gyara ya duba shi. Kuɗin da na biya mai gyara ya kusa kamo kuɗin sayensa, ban kuwa yi da-na-sani ba.