Kafin ka sayi kayan dashen wardi: zuma, alobera, kirfa ko dankali?

Mai son ya yawaita furen wardi a gida daga reshe yakan fara tambayar abin da zai shafa wa gindin reshen. A ganina ba nan ne wurin kashe kuɗi ba. Reshen kansa da ƙasar da za a soka shi su ne rabin aikin.

Reshe iri uku ne a gabanka. Akwai wardin kyauta da ake sayarwa a ɗaure a shagunan Abuja da Legas, wanda galibi daga Kenya ko Habasha ake kawo shi. Yana da kyau a ido, amma ya kwana a firji, ya sha tafiya, da wuya ya yi saiwa. Akwai wardi na cikin tukunya da za ka saya wurin masu lambun fulawa na bakin titi. Wannan ya fi, domin za ka riƙa yanka duk lokacin da kake so. Wanda ya fi duka shi ne reshen wardin maƙwabci da ya shekara da shekaru yana jure zafin garinku. Ka roƙa, ba kunya. Ka zaɓi wanda furensa bai daɗe da zubewa ba, kaurinsa kamar fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai ido, wato wurin da ganye ke fita, uku ko huɗu. A yanka ƙasa da ido da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen ƙasa, a bar biyu a sama.

Zuma ba ta sa saiwa fita, abin da take yi shi ne hana ƙwayoyin cuta kama wurin yankan. Matsalarta a kasuwarmu gauraye: in an haɗa ta da sukari, tururuwa za su yi wa tukunyar dandazo. Kirfa aikinta kusan ɗaya, tana tsare ruɓewa, ga arha wurin masu kayan ƙamshi, kuma garinta busasshe ne. Alobera na fi so, don ba sai ka saya ba in tana bayan ɗaki. Ka tsaga ganye, ka tsoma gindin reshen cikin yauƙin, ka soka. Dankalin turawa kuwa, da ake ta yayatawa a bidiyo ana soka reshen a cikinsa a binne, ka bar shi ga miya. A zafinmu ko dai ya ruɓe ya tafi da reshen, ko shi ya tsiro wardin ya bushe.

Ƙasa fa? Kada ka yarda a sayar maka da mai taki ɗanye; tana ƙona gindi, tana kiran gara. Yashin rafi wankakke da ɗan ƙasa mai laushi ya isa, ko ka haɗa da buntun shinkafa ƙonanne. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba sanyi. Yanke gorar ruwa ta roba ka kifa a kai, a ajiye a inuwa mai haske.

Mutanen Jos suna da sauƙin yanayi. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi ka jira damina ta zauna, ka guji Maris da Afrilu. Soka reshe biyar ko shida, domin ba duka ke kamawa ba, kuma kada ka tuge don dubawa kafin mako shida.