Ra'ayina kan bod ɗin caji na TP4056 da batir 18650 a sifikar da na haɗa

Masu haɗa sifika da hannu, indai ƙaramar amfilifaya irin PAM8403 kuke sawa to wannan ɗan bod ɗin TP4056 ya isheku wajen cajin batir 18650 (batir ɗin lithiyam mai siffar gwangwani) wallahi, na jima ina amfani da shi kuma ina jin daɗinsa, ga arha. Amma fa ku nemi mai kariya, wanda bayan B+ da B- (inda ake jona batir) yana da OUT+ da OUT- (inda wuta ke fita), don akwai wani da caji kawai ya iya, ba ruwansa ko batir ya zuƙe har ya mutu. Shi mai kariyar akwai wani ɗan cif mai suna DW01 a jikinsa da ke yanke wuta in batir yayi ƙasa sosai ko wayoyi suka haɗu.

Cajar waya kawai zaka soka masa, jar fitila ta kama, da batir ya kai 4.2V sai shuɗiya ta kawo ya tsaya da kansa. Inda bai burgeni ba shine saurin caji, 1A ne iyakarsa, ni kuma batir biyu na haɗa gefe da gefe (+ da +, - da -) masu 2500mAh kowanne, to sai yaci awa biyar zuwa shida kafin ya cika, in an kawo wuta na ɗan lokaci an ɗauke sai haƙuri. Kuma yana zafi sosai a farkon caji har baka iya barin yatsa a kai, shi yasa na manna shi nesa da batir na huda ƴan ramuka a jikin katakon don yasha iska. Sannan in kana jin kiɗa kana caji, shuɗiyar bata kawowa da wuri, saboda shi sai yaga wutar da ake ja ta ragu sosai yake gane batir ya cika, amfilifaya kuma tana ta ja, gara ka kashe sifikar ka barta ta cika.

Na sa wani ɗan bod mai suna MT3608 ya ɗaga wutar daga 3.7V zuwa 5V, sauti ya ƙara ƙarfi sosai, kawai dai ka saita shi da mitar auna wuta tukunna kafin ka jona, PAM8403 bata jure abinda ya haura 5.5V.

Abinda yafi ci min rai batir ne. Kasuwa ta cika da masu rubutun 9800mAh, alhali 18650 na gaske bai cika wuce 3500mAh ba, ka ɗauka a hannu kaji shi sakayau, na kirki kuwa nauyinsa wajen giram 45 ne. Ni na tsohon batirin laftof nafi yarda dasu, ka auna kowanne, wanda ya faɗi ƙasa da 2.5V ko ledarsa ta yage ko yake zafi a caji ka cire shi, kuma kar ka haɗa biyu sai wutarsu tazo ɗaya. Don Allah kar a raina wannan, lithiyam yana kama wuta da gaske, balle a bar sifika cikin mota da rana a watan Afrilu.

Wanda kuma yake son babbar amfilifaya mai 12V, TP4056 ba nashi bane, batir uku a jere (+ na wannan da - na wancan) a 12.6V suke cika, sai ya nemi BMS na 3S, wato bod mai kare batir uku a jere, da caja mai 12.6V.