Kason tikitin Oilers na kakar 2023/24: wasan ya biya ni, mai kujera ne ya ci amanata

Tun a watan Yuni nake son rubuta wannan, uwargida ta ce in bari zuciyata ta huce tukuna, kada in rubuta abin da zan dawo ina gogewa. To ta huce, amma da saura.

Duk wanda ya zauna a Edmonton ta ƙasar Kanada ya san yadda ake yi da kujerun kaka na Oilers, kulob ɗin hokin ƙanƙara na garin. Mutum ɗaya ne sunansa ke kan asusun, ya riƙe kujeru biyu shekara da shekaru, sai ya nemi wasu su haɗa kuɗi a raba wasannin gida. Ni na shiga na wani abokin aikina, ba zan kama sunansa ba, mu kira shi mai kujera. Kaso ɗaya cikin huɗu na saya, wasa goma, kujeru biyu can sama inda in ka leƙa ƙasa sai ka ji jiri. Kuɗin kuwa kun san shi, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba. Kuma ba don kaina na saya ba. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro a Zariya. Ɗana Abba ne ya hana ni sakat, shi da aka haifa a nan, wanda ya iya zamiya a kan ƙanƙara tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa.

Ranar da zan tura kuɗin na tambayi mai kujera, in Allah ya sa aka kai zagayen neman kofi fa, yaya za a yi da tikitin? Muna tsaye a wajen shan shayi na ofis ya ce ƙuri'a za a yi, wanda ta faɗa a kansa ya biya farashin da kulob ya sa, ba ƙari. Muka yi musabaha. Ban ce ya rubuta ba, wannan laifina ne, na ɗauka.

Farkon kakar sai da na yi da-na-sani. Wasan buɗe fage a Vancouver aka lallasa Oilers da ci 8-1. A wasa 12 na farko biyu kacal suka ci. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da San Jose ta doke su 3-2, San Jose ɗin da 'yan kwanaki kafin nan aka zura mata goma-goma a wasa biyu a jere. Kulob ɗin da aka ce shi zai ɗauki kofi, mai Connor McDavid da Leon Draisaitl, ya koma kusa da ƙarshen teburi. Uwargida ta riƙa tsokana ta wai, “Baban Abba, da kuɗin nan ka ƙara ka tura gida an yi maka rufin ɗaki.” Ban iya ce mata komai ba.

A wannan lokacin ne mai kujera ya zama mutumin kirki. Kusan kowane mako sai ya turo saƙo cewa yana da uzuri, ko ina son wasan ranar Laraba, in biya rabi kawai. Ɗaya daga cikin abokan kason ma ya janye gaba ɗaya, ni na karɓi wasu daga cikin nasa. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Ranar 12 ga Nuwamba aka sallami koci Jay Woodcroft aka kawo Kris Knoblauch, wanda ya taɓa horar da McDavid yana matashi a Erie. Ni ban san komai game da shi ba, na dai ga mutum shiru-shiru a tsaye bayan benci kamar malamin lissafi. Amma abu ya fara canzawa. Daga 21 ga Disamba har ƙarshen Janairu ba wanda ya doke su, wasa 16 a jere. Saura ɗaya su kamo tarihin da Pittsburgh ta kafa na 17 a kakar 1992/93, sai Vegas ta tare su ranar 6 ga Fabrairu.

A cikin wannan gudun ne wasan ya shiga raina, kuma dole in faɗi gaskiya, abin da talabijin ke nunawa ba rabin wasan ba ne. A gida ba na ma ganin baƙin faifan robar da suke bugawa, sai dai in ji mai sharhi ya yi ihu. Daga kujerar sama kuwa kana ganin filin duka. Ka ga 'yan wasa na tsallake katanga suna canjin juna ana tsaka da wasa, kowa bai fi minti guda ba ya koma ya huta. Ka ji ƙarar takalmi yana yankar ƙanƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. McDavid in ya ɗauko faifan daga bayan ragarsu, mutane kan fara miƙewa tun bai kai tsakiya ba, don sun san abin da ke tafe. Ya gama kakar da maki 132, 100 daga ciki taimakawa ya yi wasu suka ci. Zach Hyman, wanda aikinsa tsayawa a bakin raga ana ture shi ana dukansa da sanda, ya ci 54. Abba ya yi ta koya mini dokoki, har na gane cewa in an kai ɗan wasan abokan hamayya akwatin hukunci na minti biyu, nan ne Oilers ke cin kasuwarsu.

Wasan Toronto na tsakiyar Janairu ba zan manta da shi ba. A kwanakin ne sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, har aka turo wa kowa gargaɗi a waya cewa a rage amfani da wuta. Sanyin ya ɗan sassauta ranar wasan, duk da haka daga tashar jirgin ƙasa ta MacEwan zuwa ƙofar filin wasa gashin hancina ya daskare. Toronto ta fara da 2-0, muka juye shi ya koma 4-2. A hanyar gida Abba ya yi barci a kafaɗata a cikin jirgi, muryarsa ta dashe. A daren na ce ko nan aka tsaya kuɗina ya fita.

Da a lokacin na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan bayar ba gardama.

Sai aka shiga neman kofi, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke wucewa. A zagayen Los Angeles an yi ƙuri'a tsakani da Allah, na samu wasa ɗaya. A na Vancouver, wanda ya kai wasa na bakwai, ƙuri'a ba ta faɗo kaina ba, ban ce komai ba. A na Dallas mai kujera ya ce surukinsa ya zo daga nesa, a yi masa haƙuri, na yi. Da aka kai wasan ƙarshe da Florida na tsaya kai da fata sai an yi ƙuri'a a gabana. Aka rubuta sunaye aka zuba a hula, sunana ya fito a wasa na uku, wato na farko da za a buga a gida, ranar 13 ga Yuni. A lokacin, rabon Oilers da wasan ƙarshe tun 2006. Na dawo gida na faɗa wa yaro, ya yi ta tsalle a kan kujera har uwarsa ta daka masa tsawa. Ya faɗa wa duk 'yan ajinsu.

Kwana biyu kafin wasan tikiti bai shigo wayata ba. Na tambaya, ya ce manhajar ce ke ba shi matsala. Washegari ya ce ya tura, in sake dubawa. Na duba, babu. Wani abu ya ce mini in leƙa shafin da ake sayar da tikitin hannu na biyu. Na nemi sashenmu, na nemi layinmu, sai ga lambobin kujerunmu biyu, waɗanda na zauna a kansu tun lokacin da ba wanda ke so, an sa musu kuɗin da ya fi abin da na biya na kason kaka gaba ɗaya. Na ɗauki hoton na tura masa. Ya yi awa uku bai amsa ba, sannan ya rubuto cewa ai sunansa ne a kan asusun, kuma ni ma da ni ne haka zan yi. Wannan maganar ta ƙarshe ta fi sayar da tikitin ƙona mini rai. Faɗa wa Abba kuwa, gara a ce in je in tsaya a sanyin Janairu ba riga. Bai yi kuka ba, ya dai ce, “Baba, to me zan ce musu a makaranta?”

Florida ta ci wannan wasan 4-3, ya zama uku ba ko ɗaya. Saura wasa ɗaya su ɗaga kofin a gidanmu. Daren Juma'a sai ga kiran mai kujera, murya a sanyaye, wai ya yi tunani, abin da ya yi bai kyautu ba, in karɓi wasa na huɗu a farashin kulob. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ni a ganina bai samu kuɗin da yake so ba ne, kuma ba ya son ya zauna ya kalli baƙi suna shagali a filinsa. Na so in kashe wayar. Uwargida ta ce, “Don Allah karɓi, ba don shi ba, don yaron nan.”

Asabar 15 ga Yuni ta zo daidai da ranar Arfa, ina azumi. Wanda ya yi azumi a Edmonton a watan Yuni ya san abin da nake nufi, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Wasa ƙarfe shida. Na sa dabino uku a aljihu muka tafi, ni dai a raina jana'iza za mu. Minti uku da farawa, an kai namu ɗaya akwatin hukunci, muna da ƙarancin mutum, Mattias Janmark ya zura. Filin ya ɗauki wata irin ƙara da na ji ta a haƙarƙarina. Aka tafi hutun farko 3-1. A hutun na nemi inda zan yi La'asar, wata ma'aikaciya ta raka ni wani lungu kusa da matakala, ta tsaya tana karkatar da mutane har na sallame. Allah ya saka mata. Ina dawowa McDavid ya ci na huɗu, Darnell Nurse, gwanin Abba mai lamba 25, ya ci na biyar, aka fitar da golansu Sergei Bobrovsky, mutumin da ya hana mu ko ɗaya a wasan farko. Mutum dubu goma sha takwas suna rera sunansa suna yi masa tsiya. Wani ƙaton Bature da ke bayanmu ya rungume ni, abin shansa ya zube mini a kafaɗa, ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa maƙogwarona ya bushe ƙamas, ina ihu ba murya, Abba na gefe yana cin gugguru ba ko tausayi. Aka tashi 8-1, daidai cin da aka yi mana a ranar farko. A daren ne McDavid ya wuce tarihin Wayne Gretzky na yawan taimakawa a zagayen neman kofi guda. Muka fito rana na nan ba ta faɗi ba, motoci na ta oda, muka yi ta yawo a titi har lokaci ya yi, na sha ruwa da dabinona a tsaye a bakin hanya. Da safe a filin Idi na ga yara da rigar Oilers a kan jallabiya.

To ka ga inda abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da ya cuce ni shi ne sanadin daren da ban taɓa yin irinsa da ɗana ba. Har na fara cewa a bar maganar, rabo ne. Sai Oilers suka je Florida suka ci 5-3, za a dawo gida wasa na shida, mai kujera ko ƙuri'ar ƙarya bai yi ba, ya sayar abinsa. Da na yi magana ya ce ai na samu nawa. Haushin ya dawo sabo fil. Na tuna Larabobin Nuwamba da nake ɗauke masa asara, lokacin ina ɗan'uwa. A dandalin waje muka kalli wasan a babban allo, a tsaye, muka ci Florida 5-1.

Wasa na bakwai a falo muka kalla, ranar 24 ga Yuni. A lokacin, tun 1942 ba a samu wanda ya taso daga uku ba ko ɗaya ya ɗauki kofin Stanley ba, kuma tun 1993 kofin bai dawo Kanada ba. Florida ta fara ci, Janmark ya farke nan take, Sam Reinhart ya ƙara musu a zubi na biyu, haka aka tashi 2-1. An ba McDavid kyautar gwarzon zagayen duk da an doke su, bai ma fito karɓa ba. A wannan karon Abba ya yi kuka sosai, uwarsa da ke cewa ba ruwanta da wasan Turawa ita ma na ga tana goge ido da mayafi.

Kakar kanta na ba ta huɗu da rabi, rabin da na cire na Oktoba da Nuwamba ne. Sayen kaso a hannun mutum da baki kawai kuwa, ko tauraro ɗaya bai ci ba. Makon jiya mai kujera ya turo saƙo, wai kuɗin kaka mai zuwa ya ɗan tashi, ko ina ciki. Na ce ina ciki in zai rubuta maganar ƙuri'a a takarda, mu sa hannu, abokin kason na uku ya zama shaida. Ya karanta, alamar ta nuna, yau kwana shida bai amsa ba. Abba kuma kullum ya dawo daga wasa sai ya tambaye ni ko mutumin ya yi magana.