Jan taya huɗu: Ford Maverick ko Toyota Hilux?

Dukansu a-kori-kura ne masu iya jan taya huɗu, amma aikin cikinsu ya sha bamban.

Maverick mai AWD, wato tsarin da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu da kansa, da tayoyin gaba take tafiya yawancin lokaci. Akwai ƙaramin akwati a jikin giya da ke tura ƙarfi ta farfela, doguwar sandar ƙarfe mai juyawa, zuwa baya, inda wani kuloci yake jira. Da kwamfuta ta ga alamar santsi, sai ta matse kulocin, tayoyin baya su kama aiki. Direba ba ya taɓa komai. Matsalarta zafi: a yashi mai zurfi kulocin yana ta gogayya har ya ɗau zafi, kwamfuta ta sake shi, a koma jan gaba kaɗai. Tayoyin da girmansu bai zo ɗaya ba ma suna cinye shi a hankali.

Hilux kuwa da baya take ja. Kai za ka sa ta a H4, wato jan taya huɗu na tafiyar gudu, gaba da baya su kulle wuri guda. L4, jan taya huɗu na tafiya a hankali, tana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu da rabi, amma sai ka tsaya cak, giya a firi, kafin ka shigar. Kada a bar ta a H4 kan busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya, kullen kuma ba ya sassautawa, sai sitiyari ya yi tauri, haƙoran giya su sha wuya.

Kwalta da ruwan sama, Maverick ta wadatar. Laka da hawan dutse da kaya a baya, Hilux.